Ruwan zinare a bakin wayar sifika

Ɗan ƙanwata ya zo mini da hoton wasu filogai masu ruwan zinare, irin waɗanda 'yan kasuwa ke kira banana, yana cewa, "Kawu, da zarar na sa waɗannan a wayoyin sifikuna, sauti zai fito tas." Da na tambayi kuɗinsu sai na ga ya isa ya saya wa ɗakinsa sabuwar waya mai kauri har ya samu canji. Ban iya yi masa faɗa nan take ba, domin abin da yake shirin yi ni na riga shi yinsa, kuma nawa ya fi nasa muni.

Lokacin da na haɗa kayan sautina na farko, amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da sifiku biyu masu om 8 (om shi ne ma'aunin turjiyar da abu ke yi wa lantarki), wani mai shago ya gamsar da ni cewa bakin waya ne ke riƙe sauti. Na sayi filogai masu tsada, na yanke bakin wayoyina, na feɗe su, na shafa musu dalma domin siraran zaren su haɗe wuri guda, sannan na ɗaure su da sukurun filogin. A ranar na rantse sauti ya gyaru, kuma har yau ban yarda ƙarya na yi wa kaina gaba ɗaya ba, domin tsohon bakin wayar ya riga ya yi baƙi saboda iska da danshin damina, kuma yanke shi da na yi, na fito da sabon jan ƙarfe na ɗaure tamau, shi ne ya kawo ɗan abin da kunnena ya ji. Wato almakashi ne ya yi aikin, ni kuwa na yaba wa zinare. Daga baya na gane cewa zinare bai kai jan ƙarfe iya ɗaukar lantarki ba, wajen kashi 70 cikin 100 kawai yake kaiwa, azurfa ce ke gaba da su duka. Amfaninsa guda ne, ba ya tsatsa.

Dalmar da na shafa ita ta fara cin amanata. Dalma ƙarfe ne mai taushi, idan sukuru ya danne ta sai ta riƙa lotsewa a hankali har ɗaurin ya saki, don haka bayan wasu watanni sifikar hagu ta fara ƙarar-ƙarar tana ɗaukewa. A wajen gyaran wannan ne na juya jar waya da baƙa a gefe guda, sifiku biyun suka koma ɗaya na turawa ɗaya na ja, kaurin sautin ya zube, ni kuma na ɗora laifin a kan sifikun har na fara neman mai saye. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wayar da na yi wa wannan ado duka ashe alminiyom ce aka yi wa rufin jan ƙarfe, alhali alminiyom kusan kashi 61 cikin 100 na ƙarfin jan ƙarfe wajen ɗaukar lantarki yake da shi. Ƙarshen lamarin, wani siririn zare da ya kuɓuce daga filogi ya taɓa maƙwabcinsa a bayan amfilifaya tana kunne, ta yi wari ta mutu, mai gyaran rediyo ya canja mata tiransisto.

Ina da uzuri, ko da bai cika ba. A zamaninmu babu inda mutum zai duba, sai abin da mai shago ya faɗa. Yaran yanzu kuwa ilimin duniya yana aljihunsu, amma ba sa karanta komai sai su kalli hoto mai sheƙi su tura kuɗi, kuma idan ka fara bayani sai idonsu ya koma kan salula.

Na yi niyyar jero masa shawarwari masu yawa, sai na ga ba su da yawa. A fara da waya, a tabbatar jan ƙarfe ce zalla, a kankare zare ɗaya da wuƙa, idan cikinsa fari ne a mayar wa mai ita. Waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ta wadatar a ɗaki, domin a tsawon mita 3 turjiyarta zuwa da dawowa ba ta wuce om 0.07 ba, abin da sifika mai om 8 ba za ta ji ba, idan kuma nisan ya yi yawa ko sifikar mai om 4 ce, a ɗauki mai 2.5. A kashe amfilifaya kafin a taɓa bayanta, ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi, kuma kada dalma ta shiga ƙarƙashin sukuru. Filogi kuwa kada a saya, tsirarar waya da aka murɗe aka ɗaure da kyau ta isa.

Duk da haka, bayan amfilifayata a yau filogin banana ne, masu kaurin milimita 4, kuma ba zan cire su ba, saboda nakan janye kayan in share ƙurar hunturu, kuma suna hana zare ya kuɓuce ya sake jawo mini asara. Saboda haka wanda yake yawan cirewa da mayarwa ya saya, amma masu araha da ke kama rami gam, kuma kada ya zo ya ce mini sauti ya canja. Ɗan ƙanwar tawa ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "To Kawu, na ji," sannan ya tambaye ni ko masu ruwan azurfa sun fi.