Abin da na koya daga teburin Jack Cohen

A kwas ɗin harkar kasuwanci da nake zuwa da yamma bayan mun rufe shago, an ba kowa sunan ɗan kasuwa ɗaya ya bi tarihinsa. Ni aka haɗa ni da Jack Cohen, Bayahuden da ya kafa kantunan Tesco na Ingila. Da rana ni ke riƙe da littafin lissafi a shagon kayan masarufi na baffana, don haka da idon mai ƙirga katon na karanta labarin.

An haife shi a 1898 a Whitechapel, unguwar talakawa a gabashin Landan. Mahaifinsa tela ne da ya yi hijira daga Folan. Yana ɗan shekara 14 ya bar makaranta ya zauna gaban keken ɗinki, sana'ar da bai taɓa so ba. A 1917 ya shiga rundunar sojan sama ta Birtaniya ta wancan lokaci, Royal Flying Corps. Kada mai karatu ya hango matuƙi: jiragen zamanin da yadi ake lulluɓe fikafikansu, aikinsa shi ne ɗinka tamfol na jirage da balan-balan ɗin soja. Ranar ƙarshe ta shekarar 1917 jirgin ruwan Osmanieh da ke ɗauke da su ya taka nakiya a bakin Iskandariya ta Masar, kusan mutum 200 suka halaka. Wata nas ce ta taimaka masa bai nutse ba. Daga baya zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, aka sallame shi a 1919 da fam 30.

Da wannan kuɗi ya sari ragowar kayan abincin soja, ya kasa a tebur a kasuwar Well Street da ke Hackney. Ranar farko ya yi cinikin fam 4, ribarsa fam 1. Kayan da manyan kantuna suka raina su yake nema: gwangwanin da ya lotse, wanda takardarsa ta ɓalle, wanda ya daɗe a sito. Ya saya da arha, ya ɗora riba kaɗan, ya sallama a ranar. Takensa shi ne a jibga kaya tuli a sayar da araha.

Nan na fi daɗewa, domin nan ne ya taɓa shagonmu. A lungun sito muna da katon-katon na tumatirin gwangwani da suka bugu wajen sauke lodi. Ba su huje ba, ba su kumbura ba, kwanan watansu da saura, amma mai saye na ganin lotsewar sai ya mayar. Baffa ya ƙi rage ko sisi, wai ba zai ci uwar kuɗi ba. Na buɗe masa littafi na ce, "Baffa, ku duba, kuɗin da ke kwance cikin waɗannan da ya juya a sukari da taliya, da ya haifi abin da ya fi ragin da kuke gudu." Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "To ɗan boko, fito da su bakin ƙofa mu gani." Masu abincin sayarwa suka kwashe, su da ba ruwansu da surar gwangwani. Kwantai ba ya nuna kansa a shafin asara, shi ya sa yake da wuyar gani. Sai ka ƙirga sau nawa jari ya fita ya dawo a wata kafin ka san yana cin ka.

Sauran tarihin na hawa ne. A 1924 ya haɗa haruffan farko na sunan mai sayar masa da ganyen shayi, T. E. Stockwell, da na nasa, aka samu Tesco. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu kantunansa sun kai ɗari. Ya ga tsarin ɗauki-da-kanka a Amurka, ya kawo shi kantinsa na garin St Albans a 1948. Ya kuma yi ta faɗa da tsarin da ya ba masana'antu ikon ƙayyade farashin da mai kanti zai sayar, har majalisa ta soke shi a 1964.

Sai dai araha ba ta ado. Zuwa shekarun 1970 masu saye a Ingila sun samu sukuni, sun fara kallon Tesco a matsayin kantin tarkace. Tun 1963 Cohen ya shigo da tamburan Green Shield, waɗanda ake ba mai saye ya tara ya karɓi kyauta, ya kuma ɗauke su tamkar 'ya'yansa. A 1977 Ian MacLaurin, wanda shi Cohen ɗin ya ɗauka aiki yana saurayi, ya jagoranci jefar da tamburan a zuba kuɗin cikin rage farashi kai tsaye. Tsohon ya ƙi, aka rinjaye shi a taron daraktoci, ciniki kuma ya tashi nan take. Da surukansa biyu, Hyman Kreitman da Leslie Porter, waɗanda suka shugabanci kamfanin bayansa, ma haka aka sha rigima. A ganina wannan ya fi batun kwantai nauyi, musamman ga mai aiki ƙarƙashin wanda ya gina shago da guminsa: dabarar da ta fitar da mutum daga talauci ita ce ya fi wahalar saki, kuma gardama ba ta raba shi da ita, sai lissafi a rubuce da ladabin gabatar da shi.

Malaminmu bai damu da ɓangaren jama'a ba, ni kuwa ya tsaya mini a rai. Cohen da matarsa Sarah, wadda ya aura a 1924, sun zuba dukiya mai yawa a ayyukan taimako a Birtaniya da Isra'ila, an kuma yi gidan kula da tsofaffi na Yahudawa a arewacin Landan da aka sa wa sunanta a lokacin, Lady Sarah Cohen House, wanda ƙungiyar Jewish Care ta riƙe. Abin da na lura da shi shi ne kyautar ba hannu-da-hannu ta tsaya ba, gida aka gina mai ma'aikata da kasafi, aka damƙa wa masu iya gudanarwa. An ba shi lambar girma ta Sir a 1969, ya rasu a 1979.

Yanzu duk ƙarshen wata ina ware shafi guda na kayan da suka wuce kwana sittin ba su motsa ba. Baffa bai ce ya yarda da tsarin ba, amma shi ne shafin da yake fara tambaya.