Tambayoyi Ashirin Ba Sa Auna Ƙwaƙwalwa

Ƙannena maza da mata, musamman masu shirin zaɓen fannin karatu, akwai wani gwaji da ke yawo a intanet da nake so mu duba tare. Mutum zai amsa 'yan tambayoyi, sai a ce masa wai ɓarin hagu na ƙwaƙwalwarsa ne ke jan ragamarsa, ko kuma ɓarin dama. Na hagu, in ji su, shi ne mai lissafi da tsari da hujja. Na dama kuma mai zane, waƙa, hasashe da tausayi. Aikina koyarwa ne da ba ɗalibai shawara kan karatu, kuma na yi shekaru ina ba su irin wannan gwaji, ina ɗora shawarata a kan sakamakonsa. Kuskure na yi, kuma ba ƙarami ba, domin akwai waɗanda suka yi sakaci da lissafi saboda abin da suka ji daga bakina.

Wanda ya ga yadda ake haɗa gwajin ba zai ƙara ba shi girman da bai kai ba. Mai tsara shi yakan rubuta tambayoyi goma zuwa talatin: kana gyara teburinka ko kana barinsa a hargitse, ka fi riƙe sunan mutum ko fuskarsa, kana karanta takardar bayani kafin ka haɗa sabuwar na'ura ko kai tsaye kake sa hannu. Kowace amsa maki ɗaya ce, a layin hagu ko a layin dama. In an gama sai a tara, a mayar kaso cikin ɗari, a ɗora a kan hoton ƙwaƙwalwa mai launi biyu. Aikin ke nan gaba ɗaya. A gwaji mai tambaya 20, in amsa 11 sun faɗa hagu, 9 dama, waya za ta nuna kashi 55 da kashi 45, a ce kai ɗan hagu ne. Sauya amsa biyu kacal, lissafin ya koma 9 da 11, ka tashi ɗan dama. Ga shi kuma tambayar dole take yi maka ka ɗauki ɗaya: wanda ya iya lissafi da zane duka, da wanda babu ruwansa da ko ɗaya, kowannensu na iya fita da 50 da 50. A duk wannan babu inda aka leƙa ƙwaƙwalwarka. Abin da ka faɗa game da kanka aka tattara, aka raɗa masa suna, aka miƙo maka.

Abin da ya fara ruɗa ni shi ne akwai ilimi na gaskiya a gindin maganar, sai na ɗauka duk abin da aka gina a kansa ma gaskiya ne. A 1861 wani likita Bafaranshe, Paul Broca, ya duba wani majinyaci da ya yi shekaru ba ya iya furta komai sai “tan”, alhali yana gane abin da ake faɗa masa. Bayan rasuwarsa aka buɗe kansa, aka tarar da lahani a gaban ɓarin hagu. A 1874 Carl Wernicke, Bajamushe, ya nuna wani wurin daban a ɓarin hagu, can baya wajen saitin kunne, wanda in ya lalace magana takan yi ta zuba babu ma'ana, kuma mutum ba ya fahimtar ta wasu.

Sai binciken da aka fi jingina da shi. A farkon shekarun 1960, a Kalifoniya ta Amurka, likitoci sun riƙa yanke gadar jijiyoyin da ta haɗa ɓarin biyu ga wasu masu farfaɗiya mai tsanani wadda ta ƙi jin magani, don kada bugun ya tsallaka daga wannan ɓari zuwa wancan. Roger Sperry da ɗalibinsa Michael Gazzaniga suka gwada waɗannan mutane. Majinyaci zai kafe idonsa a kan ɗigo a tsakiyar allo, a haska hoton cokali a gefen hagu na ɗan abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba, yadda ido ba zai samu damar juyawa ba. Abin da ke gefen hagu ɓarin dama ne ke karɓarsa. In an tambaye shi me ya gani, sai ya ce bai ga komai ba, domin ɓarin da ke magana bai samu labari ba. Amma hannunsa na hagu, in ya lalluba kayan da aka ɓoye a bayan labule, cokalin zai ɗauko. Wannan aiki ne ya sa Sperry ya samu lambar Nobel a 1981.

Ku lura da abin da masu gwajin intanet suke tsallakewa. Waɗancan mutane 'yan kaɗan ne, kuma an yanke musu gada. Taku tana nan daram, zaren jijiya kusan miliyan 200, saƙo na kai-komo a kanta dare da rana. Ko jimla ɗaya sai ɓarin biyu sun haɗa hannu: na hagu ya fi ɗaukar nauyin kalmomi da nahawu, na dama ya fi taimakawa wajen gane daga sautin murya ko raha ake yi ko faɗa. Ƙiyasta yawan abu da auna lambobi suna motsa sassa a ɓangarorin biyu. Haka kiɗa, haka zane. Rabon aiki akwai shi, amma na ayyuka ne, ba na mutane ba. Magana tana ɓarin hagu a wajen kusan kashi 95 cikin ɗari na masu amfani da hannun dama, da kusan kashi 70 na bahagwai. Mawaƙi da injiniya, galibi a ɓari ɗaya maganarsu take.

An ma nemi “'yan hagu” da “'yan dama” ɗin da na'ura ba a same su ba. A 2013 masu bincike a Jami'ar Utah, ƙarƙashin Jeff Anderson da Jared Nielsen, sun nazarci hotunan ƙwaƙwalwar mutum 1,011 masu shekara 7 zuwa 29, waɗanda aka ɗauka da na'urar MRI suna kwance ba sa yin komai. Sun raba ƙwaƙwalwar zuwa wurare 7,266 suka duba yadda suke aiki tare. Sun ga cibiyoyin da suka karkata hagu da waɗanda suka karkata dama, amma ba su ga alamar cewa wasu mutane ɓari ɗaya ya rinjaye su gaba ɗaya ba. Kuma in likita na son sanin takamaiman ɓarin da maganar mutum take kafin tiyata, ba tambayarsa yake yi ko yana gyara teburi ba. Akwai gwajin da likita ɗan Japan Juhn Wada ya ƙirƙiro: a sa maganin sa barci ta jijiyar jini ta wuya, ɓari ɗaya ya kwanta na 'yan mintoci, a ce majinyaci ya ƙirga ko ya ambaci sunayen abubuwa, a ga ko harshensa zai ɗaure. Duk wannan wahalar ana shan ta ne don a gano ɓarin da maganar take.

Kuskurena na biyu ya fi na farko damuna. Na riƙa ɗaukar amincewar ɗalibai a matsayin hujja. Yaro ya karanta sakamakonsa ya ce, “Wallahi ni ne sak,” sai in ce gwajin ya yi aiki. A 1948 wani masanin halayyar ɗan Adam, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa 39 gwajin hali, bayan mako guda ya miƙa wa kowa takardar bayanin halinsa, ya ce su ba ta maki daga 0 zuwa 5 gwargwadon yadda ta dace da su. Matsakaicin makin ya kai kusan 4.3. Ashe takarda iri ɗaya ya raba wa kowa, kuma ya tsinto jimlolin ne daga wani ɗan littafin masu duban taurari. Jimloli ne da za su hau kowa: kana son mutane su yaba maka, kana da baiwar da ba ka gama amfani da ita ba, wani lokaci kana son jama'a wani lokaci kaɗaici. Ku sake karanta sakamakonku da wannan idon. Ba za ku taɓa ganin wanda ya ce muku ba ku iya komai ba, domin ba wanda zai tura wa abokansa irin wannan.

Binciken masu yankakkiyar gada shi kansa ya nuna dalilin da ya sa muke faɗawa wannan tarko. Gazzaniga ya haska wa ɓarin hagu na wani majinyaci hoton ƙafar kaza, ɓarin dama kuma hoton gida da dusar ƙanƙara ta lulluɓe. Aka ce ya zaɓi abin da ya dace daga cikin hotuna. Hannun dama ya nuna kaza, na hagu ya nuna shebur na kwashe ƙanƙara. Da aka tambaye shi dalili, ɓarin mai magana, wanda bai ga ƙanƙarar ba, bai ce “ban sani ba” ba. Nan take ya ce ai ƙafar ta kaza ce, shebur kuwa na share akurki ne. Kanmu gwani ne wajen ɗinka labarin da zai dace da abin da aka ajiye masa. In an ce maka kai ɗan dama ne, za ka tuno duk jarrabawar lissafin da ka faɗi, ka manta da waɗanda ka ci.

Akwai kuma hoton inuwar mai rawa da ke juyawa a kan ƙafa ɗaya, wanda ake cewa alƙiblar da ka ga ta juya ita ke nuna ɓarinka. Wani mai zane ɗan Japan, Nobuyuki Kayahara, ya yi shi a 2003. Inuwa ce da babu abin da ke nuna gabanta ko bayanta, shi ya sa ido ke iya karanta ta ta kowace fuska, kuma mutum ɗaya yakan ga ta sauya cikin minti guda.

Kada ku tsaya a kan maganata, ku gwada gwajin da kanku. A rana ɗaya ku yi guda uku daga shafuka daban-daban, ku rubuta kason da kowanne ya bayar. Bayan mako biyu ku sake yin ɗaya daga ciki ba tare da kun duba amsoshin baya ba. Mafi ƙarfi a cikinsu shi ne wannan: ku sa aboki ya kwafo bayanin ɗan hagu da na ɗan dama, ya goge sunayen, ya gauraya jimlolin, ku sa alama a duk wadda ta dace da ku. Sannan ku ƙirga nawa suka fito daga kowane ɓangare.

Abu na uku da ban kula da shi ba shi ne abin da shafin ke karɓa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wasu talla kawai suke ci da ita, shi ya sa kowace tambaya shafinta daban. Wasu sai ka amsa duka sannan su ce sai ka ba da imel ko lambar waya, ko ka shiga da asusunka na sada zumunta. Wata manhajar gwajin hali a Facebook, wadda mutum kusan 270,000 suka yi amfani da ita, ta zama hanyar kwashe bayanan mutane da Facebook ya ce za su iya kai miliyan 87, wasu suka faɗa hannun Cambridge Analytica, wani kamfani mai amfani da bayanan mutane wajen yaƙin neman zaɓe. A 2018 maganar ta fashe. In gwaji ya nemi izinin shiga jerin abokanka, hotunanka ko wurin da kake, rufe shi. In ya tambayi ranar haihuwarka ko sunan makarantarka ta farko, tuna cewa da irin waɗannan amsoshi ake dawo da kalmar sirri. Wanda ya riga ya ba da izini ya shiga saitin asusunsa, wajen manhajojin da aka haɗa, ya cire su.

Za ku iya jin wannan rabe-raben na ɗan hagu da ɗan dama daga bakin malami. Wani bincike na 2012 ya samu kashi 91 na malaman da aka tambaya a Birtaniya da kashi 86 a Holan sun yarda da shi. Ku girmama malaminku, amma kada ku ajiye fanni a kan wannan.

In lissafi na ba ka wuya, nemo inda igiyar ta tsinke. Sau da yawa can baya take, a lissafin ɓangare, ko lambobin ƙasa da sifiri, ko sauya gefen alamar daidai. Koma har darasin da za ka iya warware tambaya takwas cikin goma ba ka duba littafi ba, daga nan ka taho. Minti 25 zuwa 30 kullum ya fi awa huɗu a zama ɗaya. Rufe littafi ka warware, sannan ka duba, ka rubuta ainihin layin da ka kauce. Tambayar da ka faɗi, sake ta gobe, sake ta bayan kwana uku, sannan bayan mako. A 2013 John Dunlosky da abokan aikinsa sun auna dabarun karatu goma, biyu ne suka fito a sahun gaba: gwada kai da tambayoyi, da rarraba bita a kwanaki. Maimaita karantawa da shafa wa layuka launi suna can ƙasa. Yi mako shida a haka kana rubuta makinka, sannan ka yanke hukunci kan fannin. Wanda aka ce masa ɗan hagu ne alhali yana sha'awar zane ko rubutun labari, shi ma haka: zane ɗaya a rana, da kwanan wata a jiki, ya kwatanta na farko da na arba'in.

Inda sanin hagu da dama yake da amfani na haƙiƙa shi ne shanyewar ɓarin jiki. Kowane ɓari na ƙwaƙwalwa ɗaya gefen jiki yake sarrafawa, don haka toshewar jini a hagu takan kashe hannu da ƙafar dama, sau da yawa tare da ɗaurewar magana. In ka ga bakin mutum ya karkace farat ɗaya, ka ce ya yi murmushi, ya ɗaga hannuwansa biyu, ya maimaita gajeriyar jimla. Ko ɗaya ya gagara, a garzaya da shi asibiti, kada a ba shi abinci ko ruwa don yana iya shaƙewa. A riƙe lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe a faɗa wa likita, domin allurar narkar da gudan jini galibi cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta, kuma sai an ɗauki hoton kai an tabbatar ba jini ne ya tsinke a ciki ba.