Kwashe bidiyo daga YouTube ba wuya, kwashe 'yan kallo ne aiki

Sana'armu ɗaukar bidiyo da tacewa ce, a wani ɗan situdiyo da ke kan titin gidan Zoo a nan Kano. Masu fim mai dogon zango muke yi wa aiki, da malamai masu ɗora karatu, da mata masu koyar da girki, da 'yan kasuwa masu son talla. Kusan dukkansu YouTube suke nufa da aikin. Kuma ba a daɗewa sai wani ya shigo ransa a ɓace ya ce, "Malam, na gaji, kuɗin bai taka kara ya karya ba, ka mayar mini da kayana wani dandalin."

Nakan ba shi kujera in ce, Alhaji, kayanka kam zan kwashe maka, don akwai hanyar sauke duk abin da ka taɓa ɗorawa. Abin da ba ya kwasuwa shi ne mutanen da suke kallonka. Ko mabiyanka sun kai dubu ɗari biyu, ba ka da lambar wayar ko mutum ɗaya a cikinsu. Kamar mai shagon haya ne a Kantin Kwari: ranar da ya tashi zai tafi da atamfofinsa, amma masu wucewa ta layin nan suna nan a layin. YouTube yana zuwa a cikin yawancin wayoyin Android tun daga kwali, kuma shi da kansa yake tura bidiyonka gaban wanda bai taɓa jin sunanka ba, a Maraɗi ko Kumasi ko Jidda.

Sai kuma wahalar da mutum ya riga ya sha. Kafin a fara raba kuɗin talla da kai a dogon bidiyo, sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Kasonka kashi 55 cikin ɗari ne, kuma ba a turo maka sai ya kai dala 100. Wanda ya haye wannan tudun, in ka ce ya koma wani wuri ya fara daga sifiri, ai ka haɗa shi da aiki. Facebook ya fara biyan masu bidiyo a Najeriya a 2024, wasu abokan cinikinmu suna samu a can, amma mai kallon Facebook yana wucewa ne da yatsa, da wuya ya zauna wa shiri na minti arba'in. TikTok na gajeren bidiyo ne a tsaye, yana kawo suna da sauri. Vimeo kuwa, wani dandalin ɗora bidiyo, in kayanka na da yawa, kai ne za ka biya kuɗin ajiya. Akwai manhajojin fina-finan Hausa na biyan kuɗin wata, ina kuma yi musu fatan alheri ƙwarai, sai dai mutumin da ya riga ya sayi data da guminsa yana ganin ya gama biya.

Wannan ba shi ne ƙaura na farko da na gani ba. Lokacin da na fara koyon aiki, da ƙaramin kaset na kyamara ake ɗauka. Kaset na awa ɗaya, sai ka zauna awa ɗaya cur kana zuba shi a kwamfuta, idan aka ɗauke wuta a tsakiya ka sake daga farko. Maigidana, Allah Ya jiƙansa da rahama, yana da wata doka da ba ya sassautawa: ba a maimaita ɗauka a kan kaset na asali, komai tsadar sabo. Da hannunsa yake rubuta suna da kwanan wata a jikin kowanne, ya jera a kabad. A wurinsa na koyi sauraron sauti da ido a rufe, don ya ce ɗan kallo zai yafe maka hoto mai duhu amma ba zai yafe muryar da ba ta fita ba. A lokacin faifai ne ke ci a Ƙofar Wambai da Bata. Da masu tura fim a waya suka karya kasuwar faifai, furodusoshin da suka adana asalin aikinsu su ne suka samu abin ɗorawa a intanet. Waɗanda suka bari ya salwanta, sai kwafin da ya dushe suka riƙa nema a hannun mutane.

Shi ya sa a situdiyonmu kowane aiki yana da ajiya biyu, a rumbu biyu daban, kuma ɗanyen hoton mallakin mai aiki ne. Muna ɗauka da faɗi da tsabta sosai, mu tsayar da mai magana yadda in an yanka hoton a tsaye don TikTok kansa ba zai gutsure ba. Makirufon maƙalawa a riga muke sa wa kowa, ba ma dogara da na jikin kyamara, musamman a garin da ƙarar janareto da hon na adaidaita sahu ba sa yankewa. Rubutun kan allo muna yin sa manya, mu gwada a ƙaramar waya da mafi ƙarancin ingancin hoto, tunda haka yawancin mutanenmu ke kallo don tsimin data. Kiɗa kuma namu ne, makaɗi muke biya ya haɗa, a rubuta yarjejeniya.

A nan ne raina yake ɓaci. Yaro ya sauke manhaja a waya jiya, yau ya buga kati ya zama edita, yana karɓar kuɗin da bai kai na man janareto ba. Ya ɗauko kiɗan fim ɗin Indiya ya shimfiɗa a ƙarƙashin aikin mutum, na'urar gane haƙƙin mallaka ta kama, kuɗin talla ya tafi wurin mai kiɗan. In aka yi rashin sa'a masu haƙƙi suka kai ƙara, gargaɗi uku cikin kwana 90 ya isa a rufe tasha gaba ɗaya. Sannan ka tambaye shi ɗanyen hoton, ya ce ya goge don waya ta cika. Wata Hajiya mai koyar da girki ta zo mini da hawaye a kan haka, shirye-shiryenta masu yawa ba su da asali ko ɗaya, ko da tana son komawa wani dandalin ba ta da abin ɗauka sai wanda aka riga aka lalata. Amma gobe wani zai zo ya ce, "Haba Malam, wancan yaron rabin kuɗinka yake karɓa."

Mun kuma ga yadda aka rufe Twitter a ƙasar nan daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, don haka ba na ce wa kowa ya zuba komai a wuri guda. Abin da muke yi wa masu tasha yanzu shi ne, cikakken shiri ya tafi YouTube, mu fitar da gajerun yanka don Facebook da TikTok daga ɗauka ɗaya, kuma a ƙarshen kowane bidiyo mu sa lambar WhatsApp ta sana'a don masu kallo su riƙa turo saƙo, a tara lambobinsu a hankali. Wanda yake da tsofaffin kaset ko faifai a gida ya kawo su, har yanzu muna da na'urar da ke karanta su.