Kafin a kai shi cibiyar gyaran hali

Yawancin iyalan masu shaye-shaye suna fara neman taimako ne ranar da abu ya dagule: an tsinci yaro a sume, ko ya farfasa kayan gida, ko ya kwana uku bai runtsa ba. A ranar hankali a tashe yake, duk wanda ya ce ga wani wuri can sai a kwashi mutum a kai. To nan ake fara ɓata rawa da tsalle. Inda ake fara zuwa shi ne asibiti mai likita, ko da ƙarami ne, domin kafin a yi zancen inda za a kwantar da shi sai an san me yake sha, nawa, tun yaushe, da kuma abin da zai samu jikinsa in ya daina.

Wannan na ƙarshen ne ake rainawa. Wanda ya daɗe yana shan giya da yawa kullum, in aka yanke masa rana ɗaya, cikin awa 6 zuwa 24 hannunsa zai fara rawa, ga gumi ga amai. A kwana biyun farko yana iya faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu wasu kan rikice, su riƙa ganin abin da babu, zuciya na dukan uku-uku, kuma ana mutuwa a haka. Ƙwayoyin barci dangin diazepam ma ba a yanke su, likita ne ke rage su kaɗan-kaɗan tsawon makonni, wani lokaci watanni. Kulle irin wannan mutum a ɗaki wai don ya washe, ganganci ne da rai.

Kodin, tiramadol da hiroyin nasu salon daban. Yanke su azaba ce: zawo, ciwon gaɓoɓi, hamma, hawaye da majina, abin ya yi tsanani a kwana na biyu ko na uku, ya lafa cikin mako guda zuwa kwana goma. Babban haɗarin yana gaba. Jikin da ya yi wata bai sha ba ya manta da yawan da ya saba ɗauka, in mutum ya koma ya sha daidai na da, numfashi na iya tsayawa. Saboda haka a tambayi likita naloxone, maganin da ke farfaɗo da wanda irin waɗannan ƙwayoyi suka danne wa numfashi. Ƙarfinsa kan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, don haka ko mutum ya buɗe ido sai an garzaya da shi asibiti. A kuma tambaya ko akwai methadone ko buprenorphine, waɗanda ake ɗora mai jarabar a kansu na dogon lokaci. Masu cewa ai musanya ƙwaya da ƙwaya ne ba su san yawan ran da magungunan nan suke tsarewa ba.

Ranar zuwa asibiti a tafi da takarda an rubuta komai, a haɗa da kwalaye da kwalaben da aka tsinta a ɗakinsa. Kada a ɓoye don kunya. In likitan ya ce ba fanninsa ba ne, a nemi takardar turawa zuwa sashen ƙwaƙwalwa na babban asibiti. Likitan ƙwaƙwalwa shi ke gano cuta ya rubuta magani, masanin halayyar ɗan Adam kuma da zama da tattaunawa yake aikinsa. Inda babu su kusa, a tambaya ko akwai ma'aikacin da ya samu horon mhGAP, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 don koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci kula da irin waɗannan larurori. Jerin cibiyoyi masu rajista kuwa, ma'aikatar lafiya ake tambaya, ba talla a Facebook ba.

In an samu cibiya, a je da ƙafa. A ga lasisi da ido. Wane likita ke duba marasa lafiya, sau nawa a mako, wa ke kwana da su? In wani ya faɗi cikin dare, wane asibiti ake kai shi? A ce a nuna ɗakin kwana da banɗaki, ba ofishin mai wurin kaɗai ba. Wurin da ake duka, ko ɗaure mutane da mari, ko hana dangi ziyara kwata-kwata, ko ake rantsuwa cewa kowa na warkewa cikin mako biyu, a juya kawai. A kuma tambaya ko suna duba ciwon damuwa, fargaba da sauran larurorin ƙwaƙwalwa tare da shaye-shayen, don sau da yawa tare suke tafiya, kuma wanda aka bari shi ke janyo ɗayan. Magungunan damuwa kan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ga aikinsu, a tsakanin nan ne mutane ke cewa ba ya yi su watsar.

Ba kowa ke buƙatar kwanciya ba, da yawa suna zuwa daga gida. Abin da ya fi tasiri shi ne daɗewa: binciken cibiyar nazarin shaye-shaye ta Amurka ya nuna kulawar da ba ta kai kwana 90 ba amfaninta kaɗan ne, kuma kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari kan koma sha a wani lokaci. In ya koma, gyara tsarin magani ake yi.

Abu biyu ba sa jiran layi: wanda ya ambaci kashe kansa, da wanda numfashinsa ya yi ƙasa ko leɓɓansa suka canza launi. Sashen gaggawa nan take, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe magunguna da guba da duk wani makami daga inda hannunsa zai kai. Ranar sallama kuma kada a fito sai da ranar dawowa a rubuce a kati, da maganin da zai kai ranar, da lambar da za a kira in dare ya yi tsanani.