Bayit 14 da suka hana rautoci biyu ƙulla maƙwabtaka

Aikin bai kamata ya wuce minti ashirin ba. Sabuwar rauta ce (na'urar da ke tura fakitin bayanai tsakanin hanyoyin sadarwa) mai manhajar IOS XR ta Cisco za a haɗa da tsohuwa mai manhajar IOS ta kebul guda, a tayar da OSPF a tsakaninsu, wato furotokol ɗin da rautoci ke ƙulla maƙwabtaka da shi su yi musayar hanyoyi. Na sa lambobin IP, ping (saƙon gwajin isa) ya wuce lafiya lau, na buga show ip ospf neighbor a tsohuwar, ga maƙwabci ya fito amma a matakin Exchange. Na leƙa sabuwar, ita kuma tana ExStart, alhali matakin ƙarshe da ake so su kai shi ne Full. Bayan minti biyu da ɗoriya sai saƙon "too many retransmissions" ya fito, maƙwabtakar ta faɗi, suka sake farawa daga tushe. Haka suka yi ta yi kusan awa uku.

Abin da ke ƙona mini rai har yanzu shi ne matakin da suka tsaya ya riga ya nuna inda ciwon yake, ni ne ban saurara ba. Na koma ina duba lokacin Hello (saƙon gaisuwar da rautoci ke aika wa juna), daƙiƙa 10 nan 10 can, Dead (lokacin jira kafin a ɗauka maƙwabci ya ɓace) 40 da 40, lambar yanki, kalmar sirri, mask. Duk ɓata lokaci ne. Da ɗaya daga cikinsu ya saɓa, da rautocin sun zubar da Hello ɗin juna, ko sunan maƙwabci ba za ka gani ba. Matakin Init kuma na nufin kai kana jinsa shi ba ya jinka, sai ka nemi ACL (jerin dokokin tace fakiti) da ta toshe furotokol 89 ko adireshin 224.0.0.5, waɗanda OSPF ke amfani da su. Shi 2-Way ma sau da yawa ba ciwo ba ne, haka rautocin da ba DR ko BDR ba (rautar da aka zaɓa ta jagoranci layin da mataimakiyarta) suke zama da juna. Amma duk wanda ya kai ExStart ya tsallake waɗannan, ya zo wurin musayar fakitin DBD (taƙaitaccen jerin abin da ke cikin rumbun hanyoyin rauta), kuma a cikin DBD ne kowace rauta ke rubuta MTU ɗinta, wato iyakar girman fakitin da za ta iya aikawa a layin.

Na san da wannan fa. Na duba MTU tun a farko, na ga mtu 9000 a ɓangarorin biyu, na ce wannan ya fita daga zargi. A nan na yi aika-aikar. Saitin da na rubuta na duba, ban duba abin da na'urar ta lissafa ba. A IOS, 9000 girman fakitin IP ne zalla. A IOS XR lambar ta haɗa da kan Ethernet mai bayit 14, shi ya sa saitinsa na asali ma 1514 ne ba 1500 ba. Ashe sabuwar rautar 8986 take sanarwa, tsohuwar 9000. Mai ƙaramin MTU ba ta karɓar DBD ɗin da ya zo da lambar da ta fi tata, sai ta yi watsi da shi shiru, ɗayar kuma ta yi ta maimaitawa duk daƙiƙa 5.

Layi ɗaya na debug ip ospf adj ne ya tona asirin, inda ya ce maƙwabci yana da ƙaramin MTU. Na tabbatar da ping mai df-bit (alamar da ke hana rarraba fakiti) daga tsohuwar: girman 8986 ya wuce, 8987 ya maƙale. Ping ɗin da na dogara da shi da farko bayit 100 ne kacal, to yaya za a yi ya gano?

Wani abokin aiki ya ce a sa mtu-ignore, umarnin da ke kashe binciken MTU, a huta. Na gwada, nan take suka hau Full, kuma na cire shi. Rufe ido kawai yake yi wa binciken, saɓanin yana nan. Ran da rumbun hanyoyi ya yi girma har fakitin OSPF ya cika MTU, ɓangaren da ya fi ƙanƙanta zai zubar da shi, maƙwabtakar ta riƙa tashi tana faɗuwa ba tare da wani saƙo da ke ambaton MTU ba.

Na mayar da na XR ɗin mtu 9014. Kafin in gama kallon allo sun wuce Loading sun zauna a Full. Yanzu idan zan haɗa na'urori masu manhaja daban, lambar MTU ta IP nake karantawa a kowane gefe kafin in taɓa OSPF, in kuma akwai alamar VLAN (alamar da ake ƙara wa fakiti don raba layi guda zuwa rukunai) a layin ina lissafa bayit 4 ɗinta.