Kafin ku liƙa ganye a katin gaisuwa

Ƙannena masu sha'awar haɗa katin gaisuwa da hannu, yawancin katunan da suka lalace a hannuna laima ce ta ɓata su, kuma gaggawata ce ta jawo hakan. Ganye yana iya bushewa a sama alhali jijiyarsa tana riƙe da ruwa. Na sha ciro ganyen darbejiya daga matsi tun bai kai ba, in liƙa shi a kati, kafin ranar Sallah takardar ta tanƙware, fumfuna kuma ta kewaye gefensa. Ganye marar kauri yana bukatar mako biyu zuwa uku a danne, da damina ma fiye da haka.

Ku tsinko ganye da hantsi, bayan raɓa ta ɗauke. Ku shimfiɗa shi tsakanin fararen takardu biyu, ku sa tsofaffin jaridu sama da ƙasa, sannan ku danne da manyan littattafai ko katako da bulo a kai. Farar takardar ba ado ba ce, domin tawadar jarida tana manne wa fure mai haske, kuma na yi asarar furanni da yawa kafin in gane hakan. A kwanakin farko ku riƙa sauya jaridun, saboda a lokacin ne suke shan ruwa mafi yawa. Da hunturu ganye yana saurin bushewa, amma yakan yi ƙarmas-ƙarmas har ya karye da an ɗan taɓa shi. Tun da Sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, wani lokaci ta faɗo tsakiyar rani, ya fi kyau ku tara ganye a ƙarshen damina ku adana a tsohon littafi.

Ba kowane tsiro ne yake karɓar matsi ba. Na ɓata lokaci a kan zoɓorodo don jansa ya burge ni, amma kaurinsa ya sa yakan yi baƙi ko ya ruɓe kafin ya bushe. Furen boganbiliya da ake shukawa a jikin katanga, da kawunan ciyawa, da ganyen darbejiya sun fi ba da haɗin kai. Ganyen tsamiya yana da kyau ƙwarai, sai dai yakan naɗe jim kaɗan bayan an tsinke shi, don haka a gindin bishiyar ya kamata a saka shi cikin littafi.

Hatimin farko da na sassaƙa a jikin magogin fensir, na rubuta "Barka da Sallah" a kansa yadda ake karantawa, da na buga sai rubutun ya fito a juye. Ku rubuta kalmomin da fensir mai taushi a takarda, ku kifa ta a kan magogin ku murza da farce, rubutun zai hau a juye, sannan ku bi gefensa da reza a hankali. Da boko da ajami duk haka ne.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne sanin abin da ake farawa da shi. Na daɗe ina liƙa ganye sannan in buga hatimi a kansa, alhali fatar ganye ba ta shan tawada, sai ta zauna a sama ta damalmale. Ku fara buga hatimin a kan tsurar takarda, ku danna sau ɗaya ba tare da girgiza hannu ba, ku bari ya bushe sarai. Tawadar allo da ake haɗawa da ƙaro tana ba da baƙi mai kyau, amma ruwa yana wanke ta, saboda haka kada jiƙaƙƙen gam ya kusance ta.

Gam ɗin ma kaɗan ake so. Ku ɗiga farin gam ko jiƙaƙƙen ƙaro mai kauri da tsinken sakace a bayan ganyen, musamman a kan jijiya. Takarda mai kauri, mai nauyin giram 200 zuwa 250 a kowace murabba'in mita, tana jure shi, kuma idan aka raba A4 biyu aka ninke kowane rabi, ana samun kati mai faɗin santimita 10.5 da tsawon 14.8. Ku sake danne katin ya kwana, kada ku shanya shi a rana domin tana kashe launin fure, kuma ku rufa masa siririyar takarda kafin ku zura shi cikin ambulan. Ina kuma roƙonku kada ku buga ayar Alƙur'ani a jikin kati, domin ba ku san inda zai faɗa ba bayan biki ya wuce.