Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Abin da ake yi a ɗakin hoton mama

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Makon jiya mun tsaya a ƙofar ɗakin hoto, inda na shafe mafi yawan shekarun aikina a nan Legas. Yau zan jingine labarin kaina, domin saƙonnin da suka biyo bayan kashi na 16 kusan duk tambaya ɗaya ce: me ake yi wa mace a ɗakin nan, yaushe ya kamata ta je, kuma me aka rubuta a takardar da ake miƙo mata da Turanci?

Sankarar mama ita ce kansar da ta fi kama mata a Najeriya. A duniya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 an gano ta a jikin mata miliyan 2.3, ta kashe kimanin 670,000. Abu biyu ya bambanta mu da Turai. Namu matan sun fi kamuwa da sauran ƙuruciyarsu, da yawa suna cikin shekaru arba'in da wani abu. Sannan mafi yawansu sai cutar ta yi nisa, ta kai mataki na 3 ko na 4, suke isowa asibiti. Ni ban ɗora laifin kan sakaci kaɗai ba. Mun saba zafi ne ke kai mutum asibiti, ƙullutun sankara kuwa yawanci ba ya ciwo a farkonsa. Mace za ta ji shi wajen wanka, ta latsa, ta ji ba zafi, ta ce ai ba komai.

Mu fara da hannu, tunda shi kowa ke da shi. Lokacin da ya fi dacewa mace ta duba kanta shi ne kwana 7 zuwa 10 daga ranar da al'ada ta fara, lokacin mama ya saki, kumburi ya sauka. Ga yawancinmu wannan ya zo daidai da wankan tsarki ko kwana biyu bayansa, don haka ba sai an rubuta a kalanda ba. Iyayenmu da al'ada ta ɗauke musu su riƙe ranar ganin wata. A tsaya gaban madubi, hannu a ƙasa, sannan a ɗaga sama, sannan a dafe ƙugu a matse. Ana duba ko fata ta lotsa, ko ta yi kauri da ƙananan ramuka kamar ɓawon lemu, ko kan nono ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, ko ya yi ƙuraje masu ɓarewa da suka ƙi warkewa. Littattafan Turawa suna cewa a duba ja, amma a baƙar fata ja ba ya fitowa sosai. Wurin yakan ƙara duhu ne ya yi ɗumi. Daga nan a kwanta rigingine, a sa hannun dama ƙarƙashin kai, a shafa maman dama da tafin yatsu uku na hagu, layi-layi daga ƙashin wuya zuwa ƙasan mama, har cikin hammata. Kada a tsunkule shi tsakanin yatsu biyu: duk maman da aka tsunkula sai an ji kamar ƙullutu. Ruwan da ke fita da kansa daga nono ɗaya, musamman mai jini, shi ma abin kai wa likita ne.

Masu shayarwa, ga naku. Nono ya kumbura, ya yi zafi, zazzaɓi ya biyo, wannan yawanci ciwon nono ne na masu jego, maganin ƙwayoyin cuta na kawar da shi. Amma idan an gama maganin, mako ɗaya zuwa biyu, tauri bai tafi ba, a nemi hoto. Kada a kai wa wanzami ya yi sakiya. Sankara tana zuwa wa mai ciki da mai goyo, kuma a nan ta fi ɓuya, domin kowa cewa zai yi nono ne ya kwanta.

To, ɗakin hoto. Na'ura biyu ce ke yawancin aikin, mamogiram da sikanin, kuma mutane na haɗa su da suna ɗaya, "hoto", alhali aikinsu daban.

Mamogiram hoton ƙashi ne da aka rage wa ƙarfi aka keɓe shi ga mama. A tsaye ake yinsa. Mace za ta tuɓe daga ƙugu zuwa sama a ba ta rigar asibiti, shi ya sa ranar riga da zani suka fi abaya ko doguwar riga. Ana ɗora mama kan faranti, wani faifan roba ya sauko ya danne shi da nauyin kimanin kilo 10 zuwa 15 na 'yan daƙiƙoƙi. Kowane mama hoto biyu: ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ɗaya a karkace domin a kamo naman ƙirji da gefen hammata, wanda nan ne sankara ta fi yawan tsirowa. Huɗu ke nan, duka aikin minti 15 zuwa 20. Dannewar ba daɗi, ba zan ɓoye ba, amma ba mugunta ba ce. Tana baje naman domin kada wani ya hau kan wani ya rufe abu, tana rage hasken na'ura mai ratsa jiki da ake buƙata, tana hana motsi. In mace ta ɗaga kafaɗa ko ta ja baya don tsoro, naman ƙirji ba zai fito ba, dole a sake. A saki kafaɗa, a riƙe numfashi idan an ce a riƙe. Hasken da ke shiga jiki a hotunan huɗu bai wuce wanda mutum ke samu daga ƙasa da iska cikin mako bakwai yana zaune a gidansa ba.

Ga wani abin da ya shafe mu musamman. Ranar mamogiram ba a shafa komai a mama da hammata: ba hoda, ba mai, ba turaren hammata, ba alimun. Na san macen Hausa ta fita ba humra kamar ta fita ba mayafi ne, amma a haƙura, a zo da ita a jaka a shafa bayan an gama. Dalili shi ne ɗaya daga cikin alamun farko na sankara wasu ɗige-ɗige ne farare, ƙanana kamar garin gishiri, da ke fitowa tun kafin hannu ya ji komai. Ƙwayoyin hoda da na turaren hammata suna iya fitowa kamar su, sai a tayar wa mace da hankali a banza. Mai zaton tana da ciki ta faɗa kafin a fara. Mai shayarwa ta ba jariri ya tsotse, ko ta tatse, daf da shiga. Wadda kunya ta hana, tana da damar tambaya tun wajen biyan kuɗi ko mace ce za ta ɗauka. A yawancin wurare mata ne ke wannan aikin.

Sai dai mamogiram na da makanta. A hotonsa kitse baƙi ne, naman da ke yin nono fari, sankara ma fara. Maman budurwa ko matashiya cike yake da wannan farin nama, neman ƙari a cikinsa kamar neman farin zare ne a kan alawayyo. Shi ya sa wadda ba ta kai 35 ba, in ta ji ƙullutu, da sikanin ake fara mata. Sikanin sauti yake amfani da shi, ba haske, don haka ba ya cutar da mai ciki. Shi ne ke bambanta jakar ruwa da ƙullutu mai nama. Amma fa ba kowane shagon sikanin ba ne. Daga Agege zuwa Mile 12 ba ka rasa allon "sikanin" a kowane layi, mafi yawansu na duba ciki ne, kan na'urarsu lanƙwasasshe ne mai leƙa nesa. Mama na buƙatar miƙaƙƙen kai mai fito da abin da ke kusa da fata dalla-dalla, da idon wanda ya saba da aikin. A tambaya kafin a biya.

Ita kuwa wadda ba ta ji komai ba, yaushe za ta fara mamogiram? Ƙasashe sun bambanta. A Amurka, tun 2024 shawarar kwamitinsu ita ce daga shekara 40 zuwa 74, duk shekara biyu. A Ingila daga 50 ake kiran mata, duk shekara uku. Tunda namu na kamuwa da wuri, a ganina 40 ta fi dacewa da mu, tare da barin likita ko nas ta duba da hannu sau ɗaya a shekara. Wadda mahaifiyarta ko 'yar uwarta ta jini ta yi cutar, ta fara shekara goma kafin shekarun da aka gano ta waccan. A tuna gado na biyowa ta wajen uba ma, a tambayi labarin gwaggonni. Manyan asibitocin koyarwa biyu suna nan, LUTH a Idi-Araba, tsakiyar unguwar mutanenmu, da LASUTH a Ikeja, ga kuma cibiyoyin hoto masu zaman kansu. A watan Oktoba, watan wayar da kai kan cutar, wasu na rage kuɗi. A kira a tabbatar da rana kafin a shiga cunkoson Legas, kuma wadda Turanci ko Yarabanci bai zauna mata ba ta tafi da 'yarta.

Maganar kariya gajera ce. Rage ƙiba, musamman bayan ɗaukewar al'ada, motsa jiki kamar minti 150 a mako, tafiya da sauri ma ta isa, nisantar giya, da shayarwa, wadda duk wata 12 ke rage haɗarin da kimanin kashi 4 cikin 100. Raguwa ce, ba katanga ba: akwai masu 'ya'ya takwas da suka shayar da kowa shekara biyu, suka kamu. Sa kuɗi ko waya a rigar mama, wanda matan kasuwa ke yawan tambaya, babu hujjar cewa yana jawo ta.

Yanzu takarda. A ƙasanta za ki ga an rubuta BI-RADS da lamba daga 0 zuwa 6, kuma lambar nan ta fi duk dogon Turancin da ke sama muhimmanci. 0 na nufin ba a gama ba, ana son ƙarin hoto ko sikanin. Ba ta nufin babu komai, kuma nan mata da yawa ke kuskure su koma gida. 1 lafiya lau. 2 an ga abu amma tabbas ba sankara ba ce. 3 kusan tabbas ba ita ba ce, zato bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, amma a dawo bayan wata 6 a ga ko ya canza. 4 akwai zargi, sai an ɗebi nama. 5 zargi ya kai kashi 95. 6 ta wadda aka riga aka tabbatar ce. A adana takarda da faifan hoton, a zo da su kowane zuwa, domin likita da na bara yake auna na bana. Sannan idan hannu na jin ƙullutu amma takarda ta ce 1, magana ba ta ƙare ba. Mamogiram na tsallake wasu, a koma wa likitan da ya turo.

Tsakanin lamba 4 da ɗibar nama, nan ne muke asarar mata. Kowa ya san maganar da ake yi, wai daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da allura sai ya fusata ya bazu. Na fahimci inda maganar ta samo asali: mace ta zo bayan cutar ta riga ta yi nisa, aka yi allura, ta rasu bayan watanni, sai aka ɗora wa allura. Allurar ba ta yaɗa shi. Watannin da ake ɓatawa ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe su ne ke ba shi fili. Kuma ba duk mai lamba 4 ce ke da sankara ba, da yawa sakamakonsu lafiya yake fitowa. Hoto zargi yake yi, nama ne ke yanke hukunci. Burin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tun 2021 shi ne a kammala duka binciken nan cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa.

Yadda ake yi: a wanke wurin, a yi allurar kashe zafi, a ɗan tsaga fata kaɗan, a shigar da allura mai rami ana kallon ta a sikanin. Za a ji ƙara "ƙas" kamar an harba tarkon ɓera, kada a zabura. Ana ɗibar sili 3 zuwa 5, kowanne kamar guntun tsinken tsintsiya. A danne wurin minti 5 zuwa 10, a manna filasta, a koma gida ranar. Mai shan asfirin ko maganin tsinka jini ta faɗa tun kafin ranar. In an miƙo miki kwalbar naman ki kai ɗakin gwaji da kanki, kamar yadda ake yi a wurare da yawa, ki tabbata naman ya nutse cikin fomalin, ruwan maganin da ke hana nama lalacewa, ki kai ranar, kada ki sa a firiza. Naman da ya bushe ko ya kwana babu ruwan, ba ya ba da amsar gaskiya. Haka in wani ƙaramin asibiti ya ce zai cire ƙullutun gaba ɗaya, sharaɗi shi ne a kai abin da aka cire gwaji, komai kyansa a ido. Idan an tabbatar sankara ce, a nemi a ƙara gwajin abubuwa uku da za ki ga an rubuta ER, PR da HER2, domin su ne ke nuna wane magani zai ci ta, ko ƙwayar da ake sha kullum na shekara 5 zuwa 10 za ta yi aiki ko ba za ta yi ba.

Masu tambaya kan maza: e, suna kamuwa, kusan mutum ɗaya cikin kowane 100 masu cutar, kuma tauri ne a bayan kan nono. Su ma na'urar mamogiram ɗin ake danne su da ita.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan labari daga ranar da aka fara miƙa mini makullin ɗakin.